Gorar Jiƙon Yaya

Yayana mai ruwa ne a Kurudu. Na fara da wannan ne domin na daɗe ban iya faɗinsa kai tsaye ba. In abokan aikina a ma'aikata suka tambaye ni sana'arsa, sai in ce yana harkar ruwa, in bar su su zaci motar tanki gare shi. Kura yake turawa, mai ƙafa biyu, da jarkoki goma sha biyu a kanta, daga bohol ɗin gangare zuwa gidajen kan tudu. Wanda ya san unguwarsu ya san in ba hawa kake ba, to gangara kake.

Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Baba ya rasu ina aji uku a firamare, sai Yaya ya taho Abuja cin rani da niyyar komawa in ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka ya fi sau ashirin, bai koma ba sai dai da salla. Matarsa da 'ya'yansa suna gida wurin Inna, can ƙasar Kazaure. Da wannan kura na yi sakandare, da ita na yi jami'a. Ranar da na fara aiki ya sa farar shaddarsa ya rako ni har bakin ƙofar ma'aikata, amma ya ƙi shiga. Ya ce, "Shiga ke dai, Auta, ni takalmina duk laka ne." Na duba takalman, babu ko ɗigon laka.

Yana da wata al'ada da nake yi masa tsiya a kanta. Duk wanda ya tare shi a hanya ya ce ƙishi yake ji, sai ya tokare kura da dutse, ya karkata jarka ya cika masa moɗa. Na sha ce masa haka zai ƙare bai tara komai ba. Yakan ce jarka ake sayarwa, ruwan sha ba a sayar da shi.

Ba zan iya cewa ga ranar da ciwon bayan ya fara ba. Na dai farga ya koma tashi daga tabarma hawa uku: ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sannan ya kama ƙugu ya miƙe yana salati. Bai taɓa kiransa ciwo ba, "mutumin" yake ce masa. In na gaishe shi na tambayi jiki, sai ya ce, "Mutumin ya tashi da rigima yau," ko kuwa, "Mutumin ya yi barci, kar ki tashe shi." Haka suka yi zama, shi da mutumin, ya fi shekara takwas.

Masu ruwa kusan duk suna da shi, kuma kowa da sunan da ya ba shi. Wani ya ce basir ne ya hau baya. Wani ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi, tunda kullum riga a jiƙe take. Wani ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙugu. Yaya bai musa wa kowa ba, duk ya yarda, duk kuma ya yi maganinsu. Yana shan sassaƙen maɗaci, yana zuba garin hulba a kunu, yana shafa man kaɗanya. Duk Juma'a da hantsi wani wanzami yakan zo gindin mangwaron da ke kusa da bohol. Na taɓa tarar da su, maza shida rub da ciki a kan buhuna, kowa da ƙahoni a bayansa, suna ta gardamar ko bana gero zai yi kyau a gida. Raina ya ɓaci, na juya na tafi ko gaisuwa ban yi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, in aka yi masa ƙahon nan yakan yi kwana biyu yana tafiya a miƙe.

Sai aka ba shi labarin wani mai magani a kasuwar Masaka. Jiƙo yake bayarwa a gorar roba, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗaci. Yaya ya dawo yana yabonsa. Ya ce mai maganin yakan shimfiɗa maka tabarma, ya tambayi garinku, ya sa hannu ya taɓa daidai wurin da ke ciwo. Ya ce in ka kurɓi jiƙon, kafin ka gama cika jarkoki bayan ya yi shiru. Wannan saurin shi ya kamata ya tsorata ni, don ba a san itace da irin wannan gaggawa ba. Ni kuwa ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne gorar ba ta da kyan gani.

Duk Lahadi yakan zo gidana a Karu ya ci tuwon rana. Wata Lahadi, ya wanke hannu ke nan, sai ya zaro gorar daga aljihu a gaban maigidana da wasu baƙi biyu daga ofishinsu. Ni dama tun ina ƙarama Inna take cewa da barkono a baki aka haife ni. Na daure har baƙin suka tafi, sannan na ɗauke gorar daga gabansa.

"Yaya, don girman Allah mene ne wannan? A Abuja muke fa, ba a ƙauye ba."

"Magani ne, Auta."

"Wa ya auna shi? Wa ya san abin da ke ciki? Kana da ƙanwa a gwamnati kana shan ruwan kwata?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na wuce kicin na tuttular da shi yana kallo. Na dawo na ce sai ya yi min alkawari ya bar shi har abada, shi da ƙaho da komai. Ya dubi tabarma ya ce, "To."

Na ɗauki wannan "to" a matsayin alkawari, alhali a gida ɗaya muka tashi, na san in babba ya ce wa yaro "to" a irin wannan wuri, rufe magana ya yi. Daga ranar ban sake ganin gorar ba. Na riƙa yi wa maigidana alfahari wai na raba Yaya da maganin gargajiya. Abin da na raba shi da shi kawai shi ne faɗa min gaskiya.

Bayan kamar wata biyar, ina ofis da safe, wani dattijo da suke kwana shago ɗaya da Yaya ya kira ni. Ya ce Yaya ya sunkuya zai ɗauki jarka, ya kasa miƙewa. Na nemi izini wurin oga, na je na ɗauke shi a mota yana kwance a kujerar baya, yana cije haɓar rigarsa. Muka yanki kati, muka bi layi har azahar.

Likitar matashiya ce, ba Bahaushiya ba, a bautar ƙasa ta tsinci Hausarta. Tana da kirki ƙwarai. Ta sa ya kwanta, ta ɗaga rigarsa, sai ga bayan nan duk zanen aska, da'ira kan da'ira, wasu sun yi baƙi, wasu ko ɓawo ba su gama yi ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsaye da katin aikina rataye a wuya, da takalmi mai tsini, ga kuma bayan ɗan'uwana a buɗe.

Ta ce, "Baba, wannan ƙaho ne ko? To kina shan maganin gargajiya? Jiƙo, gari, komai da komai. Ki faɗa min gaskiya, ni ba faɗa zan yi ba."

Na ga ya buɗe baki. Wallahi na gani. Sai na riga shi, da Turanci, na ce ya daina tuntuni, ni da kaina na hana shi, waɗannan tsofaffin tabo ne. Na faɗa da irin muryar da nake magana da ita a taron ofis, don ta san ba daga daji muka fito ba.

Ba ta gamsu ba. Ta sake sunkuyawa kansa ta ce, "Haka ne, Baba? Babu abin da kina sha?"

Yaya ba ya jin Turanci, amma ya gane abin da na ce. Ya juyo da kai ya dube ni, ya dubi katin da ke wuyana, sannan ya ce, "Yadda ta faɗa."

Kara ya yi min. A gidanmu ba a ƙaryata naka a gaban bare, ko da kuwa kai za ka kwana a ciki. In uwa ta yi kuskure a gaban baƙo, ɗa yakan haɗiye. In ƙanwa ta yi, wa yakan rufa mata, sai an koma gida a yi maganar. Mu kuwa da muka koma ba a yi ta ba, don ni ban san akwai maganar da za a yi ba. Yau ni ma bayana ya fara ciwo, na zaman kujera, kuma duk likitan da ya yi min wannan tambaya sai ya gaji da ni, don har citta da kanumfarin shayina nake lissafa masa.

Likitar ta rubuta masa ƙwayoyin rage ciwo masu ƙarfi, ta ce ya sha bayan ya ci abinci, na sati biyu kawai, ya huta da kura, sannan ya dawo. Hutu dai bai yi ba, kwana huɗu ya koma gangare. Asibiti ma bai koma ba, tunda yini guda layi yake ci. Da ƙwayoyin suka ƙare sai ya kai fankon kwalin kemis, aka ba shi irinsu. Na sani, ban hana ba. Har ni ma na riƙa sayo masa, ina murna yanzu yana shan magani na masu hankali. Ashe da safe ya kurɓi jiƙon Masaka, da rana ya haɗiyi na asibiti, in mutumin ya matsa ya ƙara da yamma. Ban ga laifinsa ba yanzu. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Watannin nan su ne mafi daɗi da na gani a jikinsa. Yana tashi daga tabarma hawa ɗaya. Ya ƙara yawan sawun da yake yi. Wata Lahadi na lura fuskarsa ta cika, silifas ɗinsa sun nutse a ƙafa, sai na ce, "Kai Yaya, ka yi ƙiba! Abuja ta fara karɓarka." Ya yi dariya ya ce ai dama lokaci ya yi. Kumburi ne nake yi wa barka. Tuni fitsarinsa ya ragu, amma wannan ba maganar da wa zai yi da ƙanwarsa ba ce. Sai ya faɗa wa mai maganin Masaka, shi kuma ya ce sanyin ne ke neman hanyar fita, ya ƙara yawan abin da yake sha.

Dattijon nan ne ya sake kirana. Wannan karon amai ne da shaƙuwa, kwana uku, ga shi ba ya gane mutane sosai. Aka kwantar da shi a babban asibiti, aka ɗebi jini. Likitan da ya zo da sakamakon babban mutum ne mai furfura, Bahaushe. Ya ja kujera ya zauna ya ce ƙodojin Yaya duka biyu sun gaza. Sannan ya yi masa tambayar nan dai, me da me yake sha. Na kama bakina da gefen mayafi. Yaya ya lissafa komai a hankali, bai ɓoye ko ɗaya ba, kuma bai dube ni ba.

Washegari dattijon ya kawo gorar daga shago. Likita ya ɗaga ta saitin taga, ya nuna min wani farin gari da ya kwanta a gindinta. Ya ce, "Hajiya, wannan ba itace ba ne." Ya ce ga alama ƙwayoyin ciwo ake dakawa a zuba a jiƙon, kuma mai yiwuwa dangin waɗanda aka rubuta masa ne. Ya ce ba zai rantse cewa wannan kaɗai ya jawo ba, akwai aikin rana, akwai hawan jinin da ba a kula da shi ba. Amma da an gaya wa likitar farko yana shan wani abu, da sai ta bincika kafin ta rubuta nata. Sai ya tambaya, "Ba ta tambaye ku ba ne?" Na ce ta tambaya. Sai ya rufe fayil ɗinsa.

Maigidana ya so ya je Masaka da 'yan sanda. Yaya ya hana. Ya ce mai maganin bai ɗaure shi ya ɗura masa ba, da ƙafarsa ya je.

Aka fara yi masa wankin ƙoda. Matarsa ta zo daga gida, muka riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonsa. Wata safiya ta fita wanke kwanuka, muka rage mu biyu, na kasa daurewa.

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa wa likitar farko ba? Sau biyu fa ta tambaye ka."

Ya yi ɗan murmushi da busassun leɓɓansa. "Auta, ga ki tsaye da katinki a wuya, kina zuba Turanci da likita, ba ta fi ki ba, ba ki fi ta ba. Ni kuma in buɗe baki in ce ƙarya kike? Shekara nawa ina hawan tudun nan don in ga wannan rana, sai in ɓata ta da bakina?"

Na kifa kai a ƙarfen gadon na yi kukan da ban yi irinsa ba ko a mutuwar Baba. Na ce ni na kashe shi. Ya ɗora min hannu a ka, hannun nan mai kanta kamar ɓawon itace, ya ce in yi istigfari, kwana ne in ya ƙare ya ƙare. Na yi istigfarin, amma zuciyata ba ta karɓa ba, har yau ba ta karɓa ba. Baki shi kan yanka wuya, ni kuwa wuyan da nawa ya yanka ba nawa ba ne.

Mutumin nan na bayansa kuma bai tafi ba. Kwanciyar gado ta ƙara tayar da shi, ga shi an hana duk ƙwayoyin da ya saba. Na je na tambayi likita ko zan iya shafa masa man kaɗanya, ya ce in shafa. Ni da na tuttular da jiƙo, ni ce na koma ina narka mai a tafin hannu, ina murza masa ƙugu yadda Inna take yi wa Baba in ya dawo daga gona. Yatsuna suna bin tabon ƙahon nan ɗaya bayan ɗaya. Yakan lumshe ido ya ce, "Ƙasa kaɗan. Yawwa, nan ne gidansa." Shekara takwas yana fama, ban taɓa sa hannu na taɓa wurin ba sai da aka zo nan.

Abin da ya fi ciwon bayan wahalar da shi ƙishi ne. Tunda jikin ba ya fitar da ruwa, sai aka ƙayyade masa abin da zai sha a yini. Nas ta manna filasta a tsakiyar wani kofin roba, ta ce kada a wuce nan, kuma sau kaza kawai. Akwai famfo a ƙarshen ɗakin da ba ya rufuwa sosai. Yaya yakan juya kai wajensa ya yi ta sauraro. Wata rana ya ce min, "Kin ji asarar da ake yi? Kafin azahar ya cika jarka guda." Matarsa takan ɗan wuce filastar in ba na kusa, na kama ta sau ɗaya na yi mata tas. Na riga na yi wasa da maganar likita sau ɗaya, na rantse ba zan kuma ba. Na zama mai gadin kofin nan, ba sani ba sabo.

Ranar wata Alhamis, bayan azahar, ya riga ya shanye rabonsa na yinin. Tun safe jikin ya yi nauyi, numfashi yana yi masa wuya. Ya kira ni da hannu, na matsa.

"Auta, cika min kofin nan. Sau ɗaya dai. In ji shi ya wuce maƙogwaro."

Gorar ruwa tana kan durowa, da sanyinta, har tana gumi. Na dube ta, na dubi filastar. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, likita ya hana. Ka bari a yi wankin gobe, ni da kaina zan roƙar maka ƙari."

Ya dube ni irin kallon da ya yi min ranar da na zubar masa da jiƙo. Ya ce, "To."

Na jiƙa auduga na goga masa a leɓe, ya tsotsa. Kafin a kira la'asar ya cika, matarsa tana riƙe da ƙafarsa, ni ina maimaita masa kalmar shahada. Daga baya na tambayi likitan ko kofi ɗaya zai yi masa illa a lokacin. Ya ce a inda aka kai, kofi ɗaya ba zai ƙara ba, ba zai rage ba.

A Kurudu aka yi masa sutura da safiyar Juma'a, don abokan aikinsa sun ce a cikinsu ya rayu, su za su wanke shi. Mu mata muna zaune a wani gida da ke kallon shagon, sai na ji ƙarar da na sani tun daga nesa, ƙarar ƙafar kura da jarkoki suna gugar juna. Na leƙa ta ƙofa. Kurar Yaya ce, dattijon nan yake turo ta, wasu biyu suna taya shi hawan tudun. Sun cika jarkokin duka goma sha biyu har baki, ruwa yana fantsala yana zuba a hanya. Aka yi wankan, aka yi alwalar jama'a, aka ba duk mai jin ƙishi ya sha, har aka bar saura jarka huɗu a jikin bango.

Wata mata ta cika moɗa ta miƙo min, ta ce in sha in ji sanyi a raina. Na karɓa na riƙe. Kofin yana cikin jakata, da filastarsa.